Igiyar Magini da Allon Makaranta: Gano Gefen Alwatika da Ba a Auna Ba

Ranar da za a fitar da harsashin gida, tun kafin a sari ƙasa, akwai wani ɗan aiki da birkila ba ya tsallakewa. Zai kafa turke a inda kusurwar ginin za ta zauna, ya ja igiya biyu, ɗaya ta bi tsawon gidan ɗaya ta bi faɗinsa. A kan ta farko ya auna ƙafa 3 ya yi alama, a kan ta biyu ƙafa 4. Sai ya ce wa yaronsa ya ja tef daga wannan alama zuwa waccan. In tef ya nuna ƙafa 5 cif, ya ce ta yi sukwaya, a ci gaba. In ya nuna 5 da ɗan ɗori, ko bai kai ba, sai a matsa igiya ɗaya har ta zauna. Mai hankali a cikinsu ma ba ya tsayawa a 3 da 4 da 5, yakan ninka su zuwa 6 da 8 da 10, ko 9 da 12 da 15, domin kuskuren rabin inci a gajeren awo ya fi ɓarna a kan rabin inci a dogo.

Ɗan wannan birkila yana aji uku na ƙaramar sakandare. An rubuta masa a² + b² = c² a allo, ya haddace tsaf, amma ranar jarrabawa aka zana masa tsani jingine da bango aka ce ya nemo tsayin bangon, ya kawo amsar da ta fi tsanin kansa tsawo. Uban da bai taɓa jin sunan Faitagoras, masanin da ake jingina wa wannan ƙa'ida, ba ba zai yi wannan kuskure ba, don ya san tsani ba ya kai wa inda ya fi shi tsayi. A ganina a nan gizo ke saƙar. Lissafin kansa ɗan kaɗan ne, ninkawa ce da tarawa da debewa. Wahalar tana gaban lissafin: ka kalli surar, ka gane wane gefe ne wane, me aka ba ka, me aka ɓoye. Wanda ya iya wannan kallon, sauran aikin kalkuleta ne.

Alwatikar da muke magana a kanta ita ce wadda ɗaya daga kusurwoyinta uku take da digiri 90, irin kusurwar da bango ke yi da daɓe, ko gefen littafi. Gefe biyu ne suka haɗu suka yi wannan kusurwa. Na ukun yana can yana fuskantarta, bai taɓa ta ba, kuma ko da yaushe shi ne mafi tsawo. A aji haifotenus ake ce masa, Larabawa kuma suna ce masa watar, wato tsirkiyar baka. Mu kira shi dogon gefe. Masu tsara tambayoyin WAEC da NECO sun san ɗalibai sun saba ganin dogon gefe a karkace daga hagu zuwa dama, shi ya sa sukan juya hoton, su kwantar da dogon gefen a ƙasa kamar shi ne gindi. Maganin wannan tarko ɗaya ne: nemi ɗan akwatin nan da ke nuna digiri 90, ka sa yatsa a kai, ka miƙe zuwa gefen da ke kallonsa.

Ƙa'idar da ake jingina wa Faitagoras a asalinta maganar fili ce, ba maganar haruffa ba. Ɗauki alwatikar birkila. A jikin gefen da yake ƙafa 3 ka shimfiɗa tayil masu ƙafa ɗaya-ɗaya har su yi murabba'i, za su ci tayil 9. A jikin mai ƙafa 4, tayil 16. A jikin dogon gefe mai ƙafa 5, tayil 25. Tara 9 da 16, ka ga 25. Abin da ƙa'idar ke cewa ke nan: filin murabba'in da ke kan dogon gefe daidai yake da filayen murabba'an sauran biyun in aka haɗa su. Ɗan ƙaramin 2 da ake ɗorawa a saman harafi nufinsa lamba sau kanta, wato 4 sau 4, ba 4 sau 2 ba. Yara da yawa a nan suke fara zamewa.

Me ya sa hakan yake gaskiya ga kowace alwatika mai sukwaya, ba mai 3 da 4 da 5 kaɗai ba? Hujjar da na fi so da kwali da almakashi ake yin ta. Yanki alwatika huɗu iri ɗaya, kowace gajerun gefenta 3 da 4. Zana murabba'i mai 7 ta kowane gefe, filinsa 49. Jera alwatikan a kusurwoyinsa huɗu, kowace ta bi bayan 'yar'uwarta, sai a tsakiya a bar wani murabba'i a karkace wanda kowane gefensa dogon gefen alwatika ne. Yanzu kwashe su, ka haɗa su bibbiyu su zama akwatuna biyu masu 3 da 4, ka ajiye ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a kishiyarta. Filin da ya rage yanzu murabba'i biyu ne, mai 3 da mai 4. Babban murabba'in bai canza ba, kwalayen huɗu ba su ƙaru ba ba su ragu ba, don haka filin da suka bari a jeri na farko dole ya yi daidai da wanda suka bari a na biyu. Sa kowace lamba a madadin 3 da 4, maganar ba ta sauyawa. Yaron da ya motsa kwalayen nan da hannunsa sau ɗaya ya fi wanda ya rera a² + b² sau ɗari.

Sunan Faitagoras ya bi ƙa'idar, amma ya tarar da ita a duniya. An haife shi a tsibirin Samos na ƙasar Girka wajen shekara 570 kafin haihuwar Annabi Isa. Fiye da shekara 1,000 kafin nan, wani marubuci a Babila, cikin Iraƙi ta yau, ya zana lambobi a jikin wani allon yumɓu da ake kira Plimpton 322, wanda yanzu yake ajiye a Jami'ar Columbia da ke Amurka. A layin farko akwai 119 da 169. Gwada ka gani: 169 sau 169 ya ba da 28,561, debe 119 sau 119 wato 14,161, saura 14,400, wanda shi ne 120 sau 120. A wani layin akwai 12,709 da 18,541, abokin tafiyarsu kuma 13,500. Ba a tsintar irin waɗannan lambobi da gwaji da sa'a. A Indiya, masu gina wuraren hadaya sun rubuta ƙa'idar da igiya, a Sin ma suna da ita da nasu sunan. Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, shi ya tsara mata hujja a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin Miladiyya, ita ce mas'ala ta 47 a kashin farko na littafinsa. Daga baya a Bagadaza, Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya gyara fassarar littafin zuwa Larabci, ya kuma kawo tasa hujjar ta yanka da jerawa. Abul Wafa al-Buzjani da ya zo bayansa littafi sukutum ya rubuta domin masu sana'ar hannu, kan abin da suke buƙata na ilimin surori. Raba igiyar magini da allon makaranta da muke yi yau, su ba su yi ba.

Idan dogon gefen ne ya ɓata, tarawa ake yi. Fegin da aka fi sani a garuruwanmu ƙafa 50 ne da 100. Daga wannan kusurwa zuwa kishiyarta nawa ne? 50 sau 50 ya ba da 2,500, 100 sau 100 ya ba da 10,000, jimla 12,500. Sai a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 12,500, ita ce tushen murabba'i: 111.8. Wanda zai sayi fili da aka ce masa hamsin-da-ɗari ne, in ya ja tef ta tsakiya daga kusurwa zuwa kusurwa, sau biyu a gicciye, duka biyun ya kamata su zo kusan ƙafa 112. In ɗaya ta zo 118 ɗaya 105, gefuna suna iya cika awonsu amma filin a karkace yake, kuma mai gini zai gane hakan ranar sa tayil, lokacin da gyara ya wuce.

Ga wani wurin da ake tuntuɓe, kuma ba yara kaɗai ba. Ɗaki mai ƙafa 12 da 14, tsakiyarsa a gicciye tushen 340 ne, kalkuleta ta ce 18.44. Wannan ba ƙafa 18 da inci 44 ba ne, ba kuma ƙafa 18 da inci 4 ba. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, don haka 0.44 sau 12 ya ba da inci 5 da ɗan ɗori. Ƙafa 18 da inci 5. Mita ba ta da wannan rikici tunda goma-goma take tafiya, amma kasuwar gini har yanzu da ƙafa take magana.

Idan kuwa dogon gefen yana hannunka, ɗaya daga gajerun ake nema, debewa ake yi. Mu koma kan tsanin ɗan birkila. Tsani ƙafa 13, gindinsa ya yi nisan ƙafa 5 daga bango. Bango da ƙasa su suka yi sukwaya, tsanin ne ke fuskantarta, shi ne dogon gefe. 169 a debe 25, saura 144, tushensa 12. Yaron ya ga lambobi biyu sai ya tara su kamar yadda ya saba, 169 da 25 suka zama 194, ya samu 13.9. Da ya ɗan tsaya ya tambayi kansa, da ya ga tsani mai ƙafa 13 ba zai taɓa bango a ƙafa 14 ba ko da an miƙar da shi tsaye. Awo biyu ne suke kama kusan kowane kuskure a wannan babi. Dogon gefe ya fi kowane ɗaya daga sauran biyun tsawo, amma bai kai su biyun a haɗe ba. Na biyun kowa ya san shi da ƙafarsa: wanda ya yi mita 300 gabas ya juya ya yi 400 arewa ya taka 700, wanda ya yi yanke ta cikin gona 500 kawai ya taka.

Kafinta ma da wannan yake cin abinci. Gida mai faɗin ƙafa 24, ƙololuwar rufin a tsakiya, rabi ke nan 12. In aka ɗaga rufin ƙafa 5, katakon da zai gangaro daga ƙololuwa zuwa kan bango ƙafa 13 ne, ban da abin da zai zarce waje don kare bango daga ruwa. In mai gida ya ce shi irin dogon rufin nan na yayi yake so, a ɗaga ƙafa 9, katakon ya koma 15. Ƙafa biyu a kan kowane katako, ta kowane ɓangare, kuma kwano zai bi wannan ƙarin, kusan kashi 15 cikin 100. Wannan lissafi ne na minti biyu da ya kamata a yi tun kafin a je kasuwa. Haka nan talabijin da aka ce inci 32 ce: awon daga kusurwa zuwa kusurwa ne, faɗinta na gaskiya bai kai inci 28 ba, tsayinta kuma bai kai 16 ba.

Kada lambobi irin 3, 4, 5 da 5, 12, 13 da 8, 15, 17 su ruɗe ka, su ne 'yan tsiraru. Yawancin alwatika amsarsu ba ta fita cif. Mafi sauƙin misali murabba'i mai gefe 1: tsakiyarsa a gicciye tushen 2 ne, 1.41421 da sauransu, lambar da ba ta ƙarewa kuma ba a iya rubuta ta a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata cikakkiyar lamba. Mutanen Babila sun kai ta har wajen gida shida bayan ɗigo, a wani ƙaramin allon yumɓu da ke Jami'ar Yale. Abin da ya shafi mai lissafi a nan shi ne kada ya datse lamba tun a tsakiyar aiki. A bar ta da jelarta har ƙarshe, sannan a taƙaita.

To, idan gefe ɗaya kawai ka sani fa? Ƙa'idar Faitagoras gefe biyu take nema kafin ta ba da na uku. Wanda yake tsaye a gindin hasumiya yana iya auna nisansa daga gare ta, amma ba shi da tsayinta, ba shi da dogon gefen. A nan ake shigo da kusurwa, kuma hanyar shigarta ta inuwa ce. Kafa sanda mai mita 2, inuwarta ta zo mita 3. A daidai wannan lokaci inuwar bishiyar kuka ta zo mita 12. Rana ɗaya ce ke haska su daga kusurwa ɗaya, don haka alwatikar sanda da ta bishiya sura ɗaya ce, girma ne ya bambanta. Inuwar bishiya ta ninka ta sanda sau 4, tsayinta ma haka: mita 8. Duk ilimin da ake kira tirigonometiri a kan wannan yake zaune. Muddin kusurwa ɗaya ce, rabon wannan gefe da wancan ba ya canzawa, ko alwatikar ta kai girman tafin hannu ko ta kai girman dutse.

Malaman fiƙihu sun daɗe da wannan awo. Lokacin La'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar da ta rage masa a lokacin zawali. A Kano, da take kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa, rana takan bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, kusa da 21 ga Afrilu da 22 ga Agusta, inuwar zawali ta ɓace. A irin waɗannan ranaku La'asar na shiga daidai lokacin da rana take digiri 45 daga ƙasa, inda tsayi da inuwa suka yi kunnen doki. Ba mamaki masana taurari na ƙasashen Musulmi suka kira wannan rabo zillu, wato inuwa. Shi ne tanjant na ajinmu.

Rabon guda uku ne, kuma dukkansu daga kusurwar da kake aiki da ita ake kallonsu. Tsaya a kusurwar. Gefen da ke can gabanka bai taɓa ka ba, shi ne mai fuskanta. Gajeren gefen da ya taɓa ka shi ne maƙwabci. Mai fuskanta a raba da dogon gefe shi ne sayin, maƙwabci a raba da dogon gefe kosayin, mai fuskanta a raba da maƙwabci tanjant. Dogon gefe ba ya sauya suna, amma sauran biyun suna musanya da zarar ka koma ɗaya kusurwar. Wannan ne SOHCAHTOA, kalmar da ake haddacewa a aji don tuna rabon nan uku, ba ta gaya wa ɗalibi. Ba na ƙin haddar, tana da ranarta a ɗakin jarrabawa, sai dai ta fi amfani ga wanda ya riga ya raɗa wa gefunan suna daidai.

Kalmar sayin kuwa 'yar'uwar wata kalmarmu ce. Masanan Indiya sun kira wannan awo jiba ko jiya, tsirkiyar baka. Larabawa suka ɗauka suka rubuta da haruffansu ba wasali, daga baya aka riƙa karanta ta jaib, wato wuyan riga ko aljihunta. Masu fassara zuwa Latin suka ga jaib suka sa sinus, lanƙwasar tufa, daga nan Turanci ya samo tasa. Ita wannan al-jaib ɗin ce Bahaushe ya mayar aljihu.

Koma gindin hasumiya. Ka ja baya mita 20, ka auna kusurwar da idonka ya ɗaga zuwa ƙololuwa, ko da manhajar waya ce, ta ba ka digiri 35. Kana da maƙwabci, kana neman mai fuskanta, dogon gefe ba ruwanka da shi, tanjant ke nan. Tanjant na 35 shi ne 0.7002, sau 20 ya ba da mita 14. Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa: alwatikar daga idonka ta fara, ba daga ƙasa ba. Ƙara tsayinka zuwa ido, a ce mita 1.6, hasumiya ta zama 15.6. Mai haɗa sola a Kano da yake son farantinsa mai mita 2 ya kalli kudu da karkatar digiri 12, sayin zai nema, domin farantin ne dogon gefe: 0.2079 sau 2, ƙarfen baya ya fi na gaba tsayi da kusan santimita 42.

Inda aka fi faɗuwa shi ne idan abin da ake nema yana ƙasan rabon. Turken eriya mai mita 9, ana son a ɗaure shi da waya daga samansa zuwa ƙasa, wayar ta yi digiri 60 da ƙasa. Sayin na 60, wato 0.866, daidai yake da 9 a raba da tsawon waya. Hannu ya saba da ninkawa, sai ɗalibi ya buga 9 sau 0.866 ya samu 7.8, wayar da ba ta kai turken ba. Rabawa ce: 9 a raba da 0.866, mita 10.4. Awon nan na ɗazu shi ne ya sake kama ɓarawon. Kalkuleta ma tana da nata sharrin. Kafin ka fara, buga sayin na 30. In ta ba ka 0.5, a kan digiri take. In ta ba ka 0.988 da alamar debewa a gaba, ta koma wani ma'aunin da ake kira radiyan, kuma duk abin da ka lissafa da ita a haka ya tashi a banza. Wannan 0.5 ɗin ya cancanci a riƙe shi a ka: a digiri 30, mai fuskanta rabin dogon gefe ne.

Duk wannan da sharaɗi ɗaya yake tafiya, kusurwar ta zama 90 da gaske. Bangon da ya ɗan kwanta, ko ƙasa mai gangare, sun fitar da kai daga babin, sai a koma ga ƙa'idar kosayin da ake koyarwa a babbar sakandare, wadda Faitagoras ɗin ce da ɗan gyara na karkatar kusurwa. Abin da birkila yake yi kuma ƙa'idar ce a juye: shi gefuna uku yake da su, kusurwar yake tabbatarwa. Yuklid bai bar wannan ba, ita ce mas'ala ta 48, wadda ya rufe kashin farko da ita.

Wani lokaci gwanintar ita ce hango sukwaya a inda ba a zana ta ba. Abu Raihan al-Biruni, haifaffen 973, ya hau wani dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, bayan ya lissafa tsayin dutsen daga kusurwoyin da ya auna a ƙasa. Daga sama ya auna yadda idonsa ya sunkuya kafin ya kai inda sama ta haɗu da ƙasa. Layin ganinsa yana shafar doron duniya a wannan wuri, kuma layin da ya shafi da'ira sukwaya yake yi da layin da ya fito daga cibiyarta. Ga alwatika: cibiyar duniya, kan dutse, da bakin sama. Da tsayin dutse da kusurwa ɗaya ya fitar da nisan cibiyar duniya daga doronta, ya zo kusa ƙwarai da kilomita 6,371 da aka sani yau.

Tunda mu an riga an ba mu wannan lamba, muna iya juya tambayarsa, kuma irin ta tsani ce, ta debewa. Mutum yana tsaye a fili fetal, idonsa mita 1.7 daga ƙasa. Dogon gefe daga cibiyar duniya zuwa idonsa ne, mita 6,371,001.7, gajere ɗaya 6,371,000. Ninka kowanne da kansa, debe, ka ɗauki tushe: kusan mita 4,650. Iyakar ganinsa a doron ƙasa ba ta kai kilomita 5 ba. In ya hau tankin ruwa mai mita 30, ta kusa kilomita 20.